Haruffa Uku da Na Ƙara

Litinin, 3 ga wata, ƙarfe 6:40 na yamma

Tilo ta haihu, mace. Cikin bai wuce wata bakwai da 'yan kwanaki ba, don haka ko ɗaukar yarinyar ba a bari an yi ba, aka wuce da ita ɗakin bakwaini aka sa ta a kwalba. Ta gilashi na gan ta. Duk tsawonta bai kai daga gwiwar hannuna zuwa yatsu ba, ga wayoyi an liƙa mata ko'ina. Ita kuma Tilo aiki aka yi mata, tana kwance ko juyi ba ta iyawa. Na ce mata sannu, ta ce yauwa Mama, ta lumshe ido. Mu dama hirarmu ba ta cika wuce haka ba, ba tun yau ba.

Ita kaɗai Allah ya ba ni, shi ya sa sunan Tilo ya bi ta har gidan miji. Yau ga ni kaka. Ya kamata in rubuta cewa ina murna. To, na rubuta.

Laraba, 5 ga wata, ƙarfe 1:15 na rana, a ofis

Surukina ya zo yin rijistar haihuwa, wai asibiti suna son takardar don su buɗe wa yarinyar fayil nata na kanta. Ya shigo da jakar kayan gyaran lantarkinsa a kafaɗa, ya bi layi kamar kowa, bawan Allah. Doka ta ce ma'aikaci ba ya yi wa danginsa rijista. Na sani, shekara talatin da ɗaya ina zaune a taga ta biyu, ni na koya wa rabin ofishin nan dokar. Amma Mai Hatimi, abokin aikina na taga ta ɗaya, ya fita cin abinci, layi kuma har bakin ƙofa. Na ce ya matso.

"Sunan yarinya?" Haka nake tambayar kowa.

"Hana."

"Hana me?"

Ya yi 'yar dariya. "Hana kawai, Mama. Ita ta zaɓa."

"Hannatu dai kake nufi."

"A'a, Mama, Hana. Haruffa huɗu."

Sai wayarsa ta yi ƙara, daga asibiti, ya juya gefe yana amsawa. Ni kuma biro yana hannuna. Na rubuta Hannatu a babban littafi, na rubuta Hannatu a takarda, na buga hatimi, na ninke na sa a ambulan na liƙe. Ya karɓa da hannu biyu yana godiya, ya sa a aljihu bai buɗe ba.

Haruffa uku ne kacal. Ni dai gyara na yi.

Laraba dai, ƙarfe 7:00 na yamma

Wane irin suna ne Hana, fisabilillahi? Yarinya ta shiga makaranta yara su sa ta a gaba, Hana barci, Hana ruwa gudu, Hana rantsuwa. Ko a ja ƙarshen ko kada a ja, takarda ba ta da murya, duk wanda ya karanta hana zai gani. Na sha ceton yara a tagar nan. Akwai wanda ya zo zai sa wa 'yarsa sunan da ya gani a kwalin maganin sauro, wai ya yi masa daɗin faɗa. Na zaunar da shi, muka yi magana, ya canza, har ya dawo ya gode mini.

Shi da baki na shawo kansa, ba da biro ba. Na sani.

Kuma ni ba yarinya ba ce, na san inda aka dosa. Shekara shida Tilo tana haɗiye maganar nan, ko sau ɗaya ba ta tayar da ita ba. Yanzu ta samu wurin ajiye ta. So take duk ranar da na ɗauki jikata in kira laifina da bakina.

Juma'a, 7 ga wata, ƙarfe 5:30 na yamma

Tilo ta buɗe ambulan.

Asabar, 8 ga wata, ƙarfe 11:00 na safe, a bencin asibiti

Nas ta tare ni a ƙofa cikin ladabi, ta ce an rubuta mijinta kaɗai ne zai riƙa shiga, haka ma ɗakin bakwaini. Na ce ni ce uwarta. Ta ce ta sani, maijegon ce da kanta ta ce a rubuta haka.

Na fi awa a zaune kafin surukina ya fito.

"Mama, ta ce ki ɗan huta tukuna."

"Na ce mata na gaji ne?"

Ya sunkuyar da kai. Da ƙyar na ciro maganar daga bakinsa. Akwai kati da ake liƙawa a jikin kowace kwalba, kuma dole sunan da ke katin ya zama na takardar haihuwa. Jiya nas-nas suka rubuta Hannatu da baƙin biro. Sau biyu a rana ake tura Tilo a keke ta je ta ga 'yarta, katin ne abin da idonta yake fara sauka a kai. Jiya jininta ya hau, har likita ya yi faɗa.

"Me ya sa, Mama?" Bai ɗaga murya ba. Gara a ce ya ɗaga.

Na ce kunnena ne, ga hayaniyar layi. Ya dube ni, ya ce to. Mutumin da ya ce mini haruffa huɗu na yi wa wannan ƙaryar, ina da furfura.

Lahadi, 9 ga wata, ƙarfe 4:20 na yamma

Yaya ta zo. Ko mayafi ba ta cire ba ta fara.

"Ke tun muna yara komai sai kin gyara. Yarinyar nan ta rubuto miki wasiƙa daga makarantar kwana, kika mayar mata da ita da jan biro. Na manta ne?"

Na ce ai ta iya rubutu yanzu.

"Ta iya, shi ya sa ba ta ƙara rubuto miki ba."

Na tashi na dafa mata shayi don ta rufe mini baki, amma Yaya tana iya sha tana faɗa. Ta ce suna ne fa kawai, Hana, me ya tsone mini ido. Na ce ba za ta gane ba. Ta ajiye kofi ta ƙura mini ido, ta ce, "Ko maganar ubanta ce take cin ki har yanzu?"

Na ce shayinta zai huce.

Litinin, 10 ga wata, ƙarfe 12:50 na rana, a ofis

Ina da ɗan littafi da nake tara sunaye da ma'anarsu tun farkon kama aikina, ya kusa cika. Na duba, babu Hana. Na ce wa Mai Hatimi ya duba mini a wayarsa, wai wata ce ta tambaye ni. Ya sauke tabarau kan hanci ya yi ta latsawa.

"A Larabci suna ne sosai. Jin daɗi, kwanciyar rai."

Na ce ya ƙara dubawa.

"Mutanen Japan kuma fure suke nufi. Au, tsaya, wai hanci ma haka suke ce masa." Ya yi dariya har da tari. "Ki gaya wa mai tambayar ta zaɓa, ko fure ko hanci."

Na yi dariyar da ba ta wuce haƙora ba. Na rubuta duka biyun, har da hancin. Kwanciyar rai. Tilo ba ta jin Larabci, amma tana aiki a kantin magani, mutane iri-iri suke zuwa, ta yiwu a nan ta ji. Ta yiwu.

In haka ne, me na yi ke nan?

Talata, 11 ga wata, ƙarfe 6:10 na yamma

Nauyin yarinyar ya ragu. Surukina ne ya faɗa mini a baranda. Na kai ruwan zafi a filas, an karɓa, ban sani ba ko an sha.

Laraba, 12 ga wata, ƙarfe 5:45 na yamma

Daga ofis na biya laburare. Rabon da in shiga tun Tilo tana firamare. Matar da ke kula da wurin ta sauko mini da wani ƙaton littafin sunaye, bangonsa ya ɓalle an ɗaure shi da zare. Ashe sunan nan ya zaga duniya, ni ce ban sani ba.

A Farisanci lalle ne. A wani tsibiri can tsakiyar teku, aiki suke nufi da shi. A wata ƙasar Turai wasu suna kiran farin wata haka. A Ibrananci kuma akwai Hanna, wato alheri ko tagomashi, kuma daga nan Hannatu ta fito. Da na karanta wannan sai da na buga tebur, matar ta ɗago kai. Na ce a raina, to ga shi, Hana da Hannatu 'yan gida ɗaya ne, ban canza komai ba, riga kawai na ƙara mata. Na fito ina tafiya da ƙarfi kamar wadda ta ci shari'a.

Kafin in kai bakin titi ƙarfin ya tafi. In 'yan gida ɗaya ne, me ya hana ni barin wadda aka ba ni?

Akwai na Koriya, shi na bari a ƙarshe. A wurinsu hana shi ne ɗaya, farkon ƙirga. Ɗaya. Tilo. Na zauna a tashar mota ina kallon kalmar har mota biyu suka wuce ni.

Alhamis, 13 ga wata, ƙarfe 2:30 na rana, a ofis

Ƙwayar cuta ta shiga jinin yarinyar. Sun fara yi mata allura.

Taga ta uku tana hannun hagu da ni, taku biyu. Ita ce ta rijistar mutuwa. Idan aka kawo ta jariri, littafina suke ɗauka su kwafi sunan harafi da harafi, ba a ƙari ba a ragi. Shekara talatin da ɗaya ina miƙa musu littafin ban taɓa jin komai ba. Yau ko juyawa hagu ban iya ba.

Na shiga wurin Shugaba na ce akwai gyara a shafi na ɗari biyu da goma sha huɗu. Ta yi mamaki, don littafina ko goge ba a taɓa yi ba. Da ta ga sunan uwa sai ta rufe ƙofa. Ta ce maganar yi wa dangi rijista za ta kau da kai, ta ciro fom ɗin gyara. Akwati biyu ne a fom ɗin, na farko kuskuren rubutu, na biyu wani dalili, a yi bayani. Ta ce in cika na farko, uwa da uba su sa hannu, shi ke nan, kowa yana kuskure.

Na cika na farko.

Asabar, 15 ga wata, ƙarfe 10:30 na safe, a bencin asibiti

Surukina ya dawo mini da fom. Shi ya sa hannu. Wurin sa hannun uwa babu komai. Ta zagaye kalmar kuskure da fensir, ba ta rubuta ko harafi ɗaya ba.

"Ta ce ba za ta sa hannu a kan abin da ba haka ya faru ba."

Na ce 'yarta tana kwance rai a hannun Allah, ita tana nan tana jayayya a kan akwati? Ya ce ya roƙe ta, ta juya fuska bango. Na ce wannan taurin kan ban san inda ta gado shi ba. Ya buɗe baki, ya fasa, ya kalli takalminsa. Yaron yana da tarbiyya.

Raina ya ɓaci sosai. Na tafi gida a ƙasa don kada in yi wa wani rashin mutunci a mota. Zagaye kalma da fensir, ni na koya mata, haka nake yi wa aikin gidanta.

Lahadi, 16 ga wata, ƙarfe 3:00 na rana

To bari in rubuta, tunda littafin nan ba ya da baki.

Ni da uban Tilo mun rabu tana da shekara tara. Ba zan shiga dalili ba. Shekara shida da suka wuce ya kwanta ciwo, ya aiko ƙaninsa ya ce yana son ganin 'yarsa. Tilo tana tsakiyar jarrabawar ƙarshe, saura takarda huɗu. Na ce a bari ta gama. Bayan kwana uku ya sake aikowa, na ce saura biyu. Ita ban gaya mata komai ba. Ya rasu da safiyar ranar takarda ta ƙarshe.

Daga baya baffan nata ya faɗa mata an aiko sau biyu. Ta dawo gida ta tsaya a ƙofar kicin ta dube ni, na jira, sai ta wuce ta hau wanke-wanke. Shi ke nan. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Ta ci jarrabawar. Abin da nake gaya wa kaina ke nan shekara shida.

Litinin, 17 ga wata, ƙarfe 4:00 na yamma

Na karɓi sabon fom. Yana cikin jaka.

Talata, 18 ga wata, ƙarfe 1:40 na rana, a ofis

Da safe numfashin yarinyar ya ɗauke na ɗan lokaci, suka dawo da shi. Surukina ya kira ni muryarsa ba daɗi, ya ce a yi addu'a.

Wajen sha ɗaya wani mutum ya zo taga ta uku da takardar asibiti a ninke. Matashi ne, rigarsa a juye bai sani ba. Aka ce in miƙo littafina. Na buɗe musu shafin da kaina, yarinya ce, wata biyu da suka wuce na rubuta ta, rubutuna ne mai kyau. Aka kwafa, aka karanta masa, ya gyaɗa kai ya ce haka ne sunanta. Ko ba komai, ya tafi da sunan 'yarsa daidai.

Na koma kujerata na ciro fom. Na cika akwati na biyu. Na rubuta: ni ma'aikaciyar taga ta biyu na ji sunan da uban yarinya ya faɗa, na fahimta sarai, na rubuta wani da gangan. Na nemi wata kalma mai taushi a madadin da gangan, babu.

Shugaba ta karanta sau biyu.

"Mama, kin san abin da wannan yake nufi? Dole in tura sama. Saura wata huɗu ki yi ritaya."

"Na sani. Ni na koya miki."

"Za su ɗauke ki daga taga. Takardar yabon da aka shirya miki ma..."

Na ce ta buga hatimi kawai, ina sauri.

Laraba, 19 ga wata, ƙarfe 6:00 na yamma

Tilo ta sa hannu. Ba saƙo.

Juma'a, 21 ga wata, ƙarfe 12:30 na rana

An mayar da ni sito, cikin tsofaffin fayiloli, wai in jera su shekara-shekara kafin hukunci ya fito. Taga ɗaya ce a sama, ba ta buɗuwa. Mai Hatimi ya leƙo da shayi ya ce ya zo gaida fursuna. Bai tambaye ni komai ba, amma da zai fita ya ce, "Fure ne dai, ba hanci ba." Ashe tun ranar ya gane.

Gyaran sai babban ofis ya amince, kwana biyar zuwa bakwai. Na san hanyar da takardar take bi, tebur shida ne, na san wanda yake zaune a kowanne da lokacin da yake fita shan iska. Na kira uku daga ciki na roƙe su. Ni da ban taɓa roƙon kowa a aikin nan ba, yau har ranka ya daɗe na ce wa yaron da na koya wa riƙe hatimi.

Katin yana nan a jikin kwalba yadda yake.

Lahadi, 23 ga wata, ƙarfe 9:15 na safe

Zazzaɓin bai sauka ba. Allah, kwana uku kawai nake roƙo. A'a, ba haka nake nufi ba. Shekara tamanin nake roƙo, amma a fara da ukun.

Litinin, 24 ga wata, ƙarfe 5:00 na yamma

Takardar tana tebur na huɗu. Mai teburin ya tafi taro.

Laraba, 26 ga wata, ƙarfe 11:20 na safe, a ofis

Amincewa ta zo. Doka ta ce wanda ya rubuta shi zai soke, a gaban Shugaba. Aka kawo littafin, aka ba ni jan biro da rula. Na ja layi ɗaya a kan Hannatu, yadda za a iya karanta abin da ke ƙasa, don haka ƙa'idar take. Na rubuta Hana a sama, na sa hannu a gefe da kwanan wata. Duk wanda ya buɗe shafin nan, ko bayan shekara ɗari, zai ga abin da aka so da abin da na yi.

Sabuwar takardar Mai Hatimi ne ya rubuta. Na karanta sau uku. Ban sa ta a ambulan ba.

Laraba dai, ƙarfe 6:50 na yamma

Tilo ta fito da kanta. Tana tafiya a hankali, hannu ɗaya a kan ɗinkin, ɗaya a bango. Ta rame. Kwana ashirin da uku rabona da ganin fuskarta. Ta zauna a ƙarshen bencin, ta karɓi takardar, ta bi haruffan da yatsa.

Ni kuma da shiru ya yi mini yawa sai na ciro ɗan littafina. Na ce na bincika, ashe suna ne mai kyau, a Larabci kwanciyar rai, a Japan fure, a Koriya ɗaya, kamar ke. Ina ta zuba kamar mai talla.

"Ban san ko ɗaya a ciki ba," in ji ta. "Hausar ce."

Na rufe littafin. Na ce na sani. Na ce dama na san saboda babanki ne, kuma kina da gaskiya, ni na hana ki, sau biyu ya aiko. Shekara shida ban iya faɗa ba, yau ya fito a barandar asibiti, mai shara tana wucewa.

Ta daɗe tana kallona.

"Kin ɗauka zan sa wa 'yata suna don in rama?"

Na mayar da littafin cikin jaka.

"Cikina huɗu ke nan, Mama. Uku sun zube. Wannan ma a wata na biyar jini ya ɓalle, likita ya ce in kwanta, kada in sa rai da yawa. Na ce wa babanta in wannan ya tafi na gama. Amma duk lokacin da na fara cire rai sai ta motsa. Ta hana ni cire rai, ta hana ni kuka, barci ma ta hana ni. Na ce masa wannan yarinya Hana ce. Tun tana ciki haka muke kiranta." Ta ninke takardar. "Maganar Baba tana nan, ban manta ba. Amma ba ki cikin sunan nan, Mama. Ko kaɗan."

Na tambayi Mai Hatimi, na tambayi laburare, na je har tsibirin da ban san inda yake ba. Mutum biyu ne suka san amsar, ɗaya kullum yana tsaye a gabana a baranda, ban taɓa tambayarsa ba.

Uku. Na ce yaushe? Ta faɗi watannin ɗaya bayan ɗaya. Na biyun na gane shi. Wata Asabar ce ta zo gidana ba sanarwa, ta shige ɗakina ta kwanta a gadona da takalmi, tun safe har yamma ba ta ce uffan ba. Na shiga na buɗe labule na ce ta tashi ta daina son jiki, matar aure guda. Ta tashi, ta gyara mini gadon, ta tafi.

"Ranar na zo in gaya miki ne," in ji ta.

Ta dafa bango ta miƙe. Na ɗaga hannu zan tallafe ta, ban san ko an yarda ba, hannun ya tsaya a iska. Ta shiga, ƙofar ta rufe kanta.

Alhamis, 27 ga wata, ƙarfe 7:30 na safe

Ban je aiki ba. Ina zaune a bakin gadon.

Asabar, 29 ga wata, ƙarfe 2:00 na rana

An canza katin. Zazzaɓin ya sauka tun jiya.

Talata, 2 ga sabon wata, ƙarfe 10:10 na safe, a sito

Surukina ya kira. An cire ta daga kwalba, an ba uwarta, ta kama nono. Yana magana yana dariya yana jan hanci. Na ce alhamdulillahi ya fi sau goma, na zauna a kan tarin fayil ban sani ba. Na ce ya gaishe mini da ita.

"Wa, Mama?"

"Hana."

Sai na ji muryar Tilo daga gefe tana tambaya wa ke magana. Ya ce Mama ce. Na jira. Ba ta karɓi wayar ba, ba ta kuma ce ya kashe ba. Na ji ya ajiye ta a kan gado kusa da su. Na riƙe tawa a kunne har hannuna ya sage, ina sauraron jikata tana tsotso.